Dokin da Ya Daina Gumi

Litinin, 3 ga Afrilu

Goɗiyar Dogo, abokin aikina, ta mutu yau a gidan bulo, a gaban idona. An gama yi mata lodi na uku, Dogo ya kaɗa linzami, ta ɗaga ƙafa ɗaya, sai kawai ta durƙusa tsakanin sandunan amalanke. Muka yi ca a kanta, wasu na yanke igiya, wasu na sauke bulo. Kafin a fitar da ita rai ya yi halinsa. Ranar Asabar ɗin nan na gan ta tana cizon jelar dokin da ke gabanta, lafiya ƙalau.

Dogo bai yi kuka ba. Ya zauna a kan bulo yana ta naɗe igiya yana warwarewa.

Na sayi littafin nan ne don awon kaya lokacin da nake ɗinki, shafi huɗu kawai na cika kafin na rufe shago. Bari ya yi wani amfanin, tunda ba ni da wanda zan gaya wa cewa tsoro nake ji. Shekara ashirin ina kan keken ɗinki, wata takwas kacal ina riƙe da linzami, tun da idon Baba ya mutu ya ce in dawo in karɓi dokinsa. Akawal sunansa, baƙi ƙirin, shi ne na ƙarshe da Baba ya horar da hannunsa. Shi ke ci da gidan nan. In wani abu ya same shi a hannuna, ban san da wace fuska zan shigo ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Ya ci dusarsa tas. Na leƙa barga sau biyar kafin in karya.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Zafi kamar a bakin matoyar bulo, tun hantsi. Lodi shida muka hau da shi tudun sababbin gidaje, inda mota ba ta iya shiga.

Akawal ya dawo da 'yar laima a ƙirji kawai. Baba ya fito da sandarsa kamar kullum, ya lalubi wuyan dokin, ya bi da tafin hannu har kafaɗa, ya shinshina hannun. Ya ce "da saura." Kalma biyu, amma sun ishe ni tunani har gobe.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko ni ma na gane shi. A wurin aikinmu, doki mai gumi abin kunyar mai shi ne. In ka dawo da doki yana kumfa, an ce hannunka da nauyi, ba ka iya ba. In ka dawo da shi a bushe, kai gwani ne, dokinka ya ƙeƙashe. Watannin farko Akawal yakan dawo fari fat da kumfa tun daga wuya har cinya, suka sa mini suna Mai Sabulu. Har Mai Bulo, wanda ke raba mana lodi, da shi yake kirana. "Mai Sabulu, yau ma wanki aka yi?" In yi dariyar yaƙe.

Da na kai wa Baba kuka ya ba ni doka uku. Rabin bokiti da safe, don ruwan da ya shiga shi ne yake fita. Ko ɗigo a kan hanya. Da yamma kuma sai ya huce sarai kafin ya ga bokiti, in ba haka ba ciki ya murɗe ya mutu. Na riƙe su kamar karatu. Abin da ban gaya wa Baba ba, tun makon jiya rabin bokitin nan ma na rage shi. Ina so sau ɗaya dai in ji ya ce madalla.

Asabar, 8 ga Afrilu

Wani kuma. Dokin Mai Gemu, shi ma abokin aikinmu ne, a kan gangara, da rana tsaka. Shi bai mutu nan take ba, an ja shi gida yana layi, ya yi ta birgima har la'asar, sannan ya cika.

Kowa ya ce ciwo ne ya shigo. Aka tsaya cirko-cirko a gindin katanga ana ta faɗar abin da aka ji: wai a hanci yake shiga, wai ƙuda ke kawo shi, wai daga baki zuwa baki. Da aka ce baki sai duk ido ya koma kan kwamin ruwan da ke bakin ƙofa, rabin duro ne da aka yanka, inda dawaki kan ɗan tsoma baki in an tashi aiki. Mai Bulo ya ce a kife shi. Da hannuna aka kife, ni na kama gefe ɗaya. Ruwan ya bi ƙasa, Akawal ya juyo da kai yana kallo, na fizge shi.

Yanzu kowa nesa-nesa yake ɗaure dokinsa. Ba mai aron bokitin wani.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Hutu. Na wanke kayan ɗauri. Majayi da abin wuya duk sun yi wani farin ɓawo, sun ƙame kamar an sa musu sitati. Na kankare da farce na ɗanɗana, ban san dalili ba. Gishiri ne zalla.

Maman yara tana shanya ta gan ni. Ta ce "to, yau kuma kayan doki ake lasa? Miyata ce ba ta ji gishiri ba?" Na ce ta ɗanɗana. Ta taɓa a harshe, sannan ta ce duk wannan daga jikinsa ya fito? To me yake mayar masa? Na ce mata doki ba mutum ba ne. Ta ce ai ta gani, shi ba ya musu.

Ita shara take yi a asibitin yara, shi ya sa kome a wurinta ruwa da gishiri ne.

Talata, 11 ga Afrilu

Ya faɗa. Baba ya ce madalla.

Lodi bakwai, rana kamar ta tsaga kai, Akawal ya dawo ko laima babu. Baba ya shafa wuya, ya shafa ƙirji, ya sa hannu ƙarƙashin geza, ya ce "madalla, yanzu ka fara zama mai doki." Shekarata arba'in da uku, amma sai da na juya baya don kada maman yara ta ga idona.

To me ya sa na kasa cin abinci? Fatarsa zafi take kamar dutsen guga. Haki yake, hanci a buɗe, tun da muka iso har rana ta faɗi bai daina ba. Da ya ɗan lafa na kai masa bokiti ina jiran ya faɗa masa, sai ya tsoma leɓe, ya kurɓa sau uku, ya kau da kai. Dokin da bai sha kome ba tun asuba.

Na ce wa kaina ai ba ya jin ƙishirwa ke nan, ya ƙeƙashe. Haka Baba zai ce.

Laraba, 12 ga Afrilu

Ya bar rabin dusa. Kashinsa ƙanana, a bushe, guda huɗu kacal na kwashe. Ban ga wurin fitsari ba, na duba ƙasan bargar kaf.

Ban fita aiki ba, na ce wa Baba ƙafar amalanke ce ta yi ciwo. Ƙarya ta farko.

Maganar maman yara ta tsaya mini a rai. Da Baba ya shiga ɗaki na saci jiki zuwa kicin, na dumbuzo gishiri cike da hannu sau biyu, na zuba a bokitinsa na gauraya. Na ce in gishiri ya rasa, ga gishiri. Ya shinshina, ya yi firr da hanci, ya ja baya. Na bar masa shi a gabansa, na ce in ƙishi ya ishe shi zai sha. Wuni guda bokitin nan yana nan yadda na ajiye shi, har ƙura ta kwanta a kai.

Wayyo. Ko ciwon nan ne ya kama shi? Na duba hancinsa ba majina. Idonsa ne kawai ya faɗa ciki, ko kuwa ni nake ganin haka.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Zan rubuta duka, ko da hannuna zai ƙi.

Na fita da shi. Me ya kai ni? Baba ya ce ƙafar amalanke ba ta kwana biyu tana ciwo, ni kuma ba ni da ƙarya ta biyu. Na zubar da ruwan gishirin, na ba shi sabo, ya kurɓi kaɗan. Lodin farko ya hau a daddafe. Na biyu, a tsakiyar tudu, ya tsaya cak. Ban doke shi ba, Allah ne shaidata. Na sauko na zagaya, sai na ga kwiɓinsa yana harbawa. Ba haki ba ne, wani abu ne daban, dum, dum, dum, kamar shaƙuwa amma a ciki, har ana jin ƙararsa. Na sa hannu a ƙirjinsa, bugun zuciyarsa da harbawar tare suke tafiya. Naman cinyarsa kuma yana ɓari.

Na ga goɗiyar Dogo a idona. Na sa duwatsu a bayan ƙafafun amalanke, na kwance shi, na bar bulon mutane a tsakiyar hanya. Na kira Dogo, ban ma san me na ce ba. Shi ya ce in ja shi gida a hankali, zai nemo likitar dabbobin da ke bayan kasuwa.

Tafiyar da ba ta kai minti goma ba, mun fi rabin awa. Muka wuce ta wurin masu wankin mota, wani ya ɗago tiyo ya ce "malam, in watsa masa?" Na ce a'a, zai kashe shi. Da bakina na faɗa.

Likita ta iso a bayan babur ɗin Dogo, gajeruwar mata, gilashi a goshi, jaka ta fi ta girma. Gaisuwa ma a tsaye. Ta tsunkuli fatar wuyan Akawal ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar karin guga, ta ƙi kwanciya. Ta ɗaga leɓe ta danna dasashi, ya yi fari ya daɗe bai dawo ba, yatsanta har mannewa yake. Ta kafa abin saurare a kwiɓi, dama da hagu. Ta ce "shiru, cikin ya tsaya." Sannan ta juyo gare ni.

"Bokiti nawa yake sha a wuni?"

Na ce ɗaya da rabi. Ta ce a'a, a wuni take tambaya. Na ce a wunin. Ta sauko da gilashin ta dube ni ta cikinsa, ban taɓa jin na ƙanƙance haka ba. Ta ce dokin da ke jan bulo a wannan rana, biyar ma ba su ishe shi ba. "Ruwa! Duk ruwan da ke gidan nan, a kwara masa, yanzu."

Maman yara ta riga ta kinkimo baho. Na ɗauki bokiti biyu na nufi barga, sai ga Baba a bakin ƙofa, ya gindaya sandarsa. Ashe duk yana ji. Ya ce ba mai zuba wa dokinsa ruwan sanyi yana cikin zafi, sai dai a bi ta kansa. Ya ce shekara hamsin yana doki, wata yarinya ba za ta zo ta kashe masa dabba a gabansa ba. Likita ta ce "Baba, ka yi haƙuri, in aka ƙara minti goma ba sai na kashe shi ba." Bai ko juya wajenta ba. Ni ya fuskanta da idanun nan nasa farare, ya kira ni da sunan da yake kirana ina yaro, ya ce in ajiye bokitin.

A bayansa ina jin dum, dum, dum.

Na ce "Baba, matsa."

Ban ɗaga murya ba, ina jin ban ɗaga ba. Ya tsaya kamar bai ji ba. Na sake faɗa. Sai ya sauke sandar, ya lalubi bango, ya bi shi har ɗakinsa.

Muka yi ta kwara ruwa, wuya, ƙirji, tsakanin cinyoyi, Dogo na jawowa daga famfon maƙwabta. Likita ta aske wuri a wuyan dokin ta sa allura, ta rataye ledar ƙarin ruwa a jikin azara, in ta ƙare ta sa wata. Na daina ƙirgawa. Wajen magariba harbawar ta ragu, sannan ta tsaya. Ta ce kada in yi murna tukuna, sai ya yi fitsari, sai cikin ya motsa.

Da tana haɗa kaya na gaya mata maganar gishirin jiya. Ta dafe kai. Ta ce gara da ya ƙi sha, gishiri mai yawa a cikin busasshen ciki ƙara janye ruwa yake. Amma bokiti ɗaya tilo, na ɓata shi, na bar shi wuni guda? Ta wanke ni tas, a gaban matata da Dogo.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Bai yi ba. Ina zaune a kan bokiti a kife tun safe ina kallon ƙarƙashin doki. Da wani ya ce mini wata rana zan yi addu'ar fitsari, da na yi dariya.

Baba bai fito ba. Abincinsa ya dawo yadda aka kai.

Likita ta dawo da hantsi ta zura masa tiyo ta hanci har ciki, ta ɗura ruwa mai ɗumi. Ni na riƙe kansa.

Asabar, 15 ga Afrilu

Ya yi! Jiya da la'asar sakaliya, kaɗan, ja kamar shayin da aka manta a wuta. Yau da safe ya ƙara, ya fi haske. Na kafa kunne a kwiɓinsa yadda ta nuna mini, na ji ƙugi can ciki. Na kira maman yara ta zo ta ji. Ta ce shekara goma sha biyar da aurenmu ban taɓa kiranta ta ji wani abu da murna haka ba, sai kukan cikin doki.

Kashi ya zo da azahar, da tauri, amma ya zo.

Na je ƙofar Baba na ce masa Akawal ya yi kashi. Bai buɗe ba. Na ji motsinsa a ciki.

Litinin, 17 ga Afrilu

Likita ta zauna yau, har ta sha ruwa. Bari in rubuta abin da ta ce kafin ya zube.

Gumi shi ne abin da ke hana doki dahuwa da ransa. A rana irin wannan, awa ɗaya na jan kaya, bokiti guda yake zubarwa ta fata. Kuma guminsa ya fi namu gishiri nesa ba kusa ba, shi ne farin da ke kan majayi. Abin da ya fi ba ni tsoro: wai saboda gishirin da ruwan tare suke fita, jikinsa ba ya gaya masa yana jin ƙishirwa. Sai ya bushe yana kallon bokiti. Harbawar kwiɓin nan ma daga nan take, sinadaran jini ne suka ƙare. In an tsaya yana huci, a lokacin ne ya fi son sha, in aka jira ya huce sai sha'awar ta wuce. Mu kuma daidai lokacin muke hana shi.

Bokiti biyu kullum a gabansa, ɗaya zalla, ɗaya da ɗan garin da ta ba ni, ya zaɓa da kansa. Gishiri cokali biyu a cikin jiƙaƙƙiyar dusa, safe da yamma, ba a ruwan sha ba. Jarka a kan amalanke, a ba shi duk inda aka tsaya.

Na tambaye ta ciwon da ya kashe dawaki biyu. Ta ce ba ta gan su ba, ba za ta rantse ba, amma in tambayi masu su bokiti nawa.

Sannan ta ce abin da ya hana ni sakewa. Har yanzu fatarsa ba ta yi laima ba, ko a rana. Wani dokin in ya daina gumi yakan dawo, wani shi ke nan. In bai dawo ba, ba shi ba jan kaya a zafi har abada. Sai dai a jira.

Talata, 18 ga Afrilu

Na je gidan bulo a ƙasa. Duk hanya ina shirya magana, da na isa ta gudu. Na tsaya a gaban mutum tara ina in-ina, na ce a tayar da kwamin nan, ba ciwo ba ne, ƙishirwa ce. Wani ya ce Mai Sabulu ya zama likita. Aka yi dariya. Mai Gemu ya ce ubansa da kakansa haka suka yi doki, kuma Babanka ma haka, ko shi ma bai sani ba?

Dogo ne bai yi dariya ba. Ya ga fatar wuyan Akawal ta tsaya, da idonsa. Ya tashi ya kama duron shi kaɗai ya mirgina shi, ya jawo tiyo. Ba wanda ya taya shi, ba wanda ya hana shi. Da muka fito waje ya ce mini, a hankali, "ranar da ta faɗi, ko kurɓa ban ba ta ba. Ina so ta dawo a bushe." Na kama hannunsa kawai.

Alhamis, 20 ga Afrilu

Baba ya fito tsakar gida, ya zauna a kujerarsa. Na gaishe shi ya amsa a taƙaice. Bargar ba ta fi taku goma daga inda yake ba, bai je ba.

Da maman yara yake magana, ba da ni ba, amma ya san ina jin sa. Ya ba ta labarin dokinsa na farko, wani ja, yana saurayi. Sun wuni a hanya ba ruwa, da suka iso rafi dokin ya fizge ya sha, kafin gari ya waye ya mutu da murɗar ciki. Ubansa ya yi masa dukan da har yau akwai tabo a bayansa, ya ce ruwan ne. "Tun ranar na rantse ba zan ƙara kashe doki da ruwa ba," in ji shi. "Kuma ban ƙara ba."

Na taɓa jin labarin, amma ban taɓa jin farkonsa da kunnen yau ba. Sun wuni ba ruwa. Ina jin dokin nan ya riga ya gama tun kafin ya ga rafin. Na buɗe baki, maman yara ta harare ni ta girgiza kai. Gaskiyarta. Mutum ya ɗauki abu shekara hamsin, in karɓe masa in ba shi me?

Asabar, 22 ga Afrilu

Bokiti huɗu da rabi jiya, yana tsaye a inuwa. Dusa tas. Fata a bushe.

Kowace safiya sai in sa hannu ƙarƙashin gezarsa. In bai dawo ba fa? Keken ɗinkin na sayar. Ba wannan ma ba. Yadda zan ce wa Baba dokinsa ya tashi aiki, kuma ni na ƙara rage ruwan a kan abin da ya ce, wannan ne ban san ta inda zan fara ba. Har yanzu yana zaton rabin bokiti nake bayarwa.

Litinin, 24 ga Afrilu

Na ja shi yawo ba kaya, kamar yadda Likita ta ce, zagaye biyu na filin ƙwallo da hantsi. A zagaye na biyu na ga bayan kunnensa ya yi duhu. Na ɗauka inuwa ce. Na taɓa, yatsuna suka jiƙe. Ƙirji ma, kaɗan-kaɗan, kamar raɓa.

Na tsaya a tsakiyar fili na rungume wuyan doki. Wasu mata da ke wucewa suka tsaya suna kallon mahaukaci. Na kira Likita, ta ce to Alhamdu lillahi, amma kada in yi rawar kai, rabin lodi, safe kawai, na mako biyu.

Da na dawo na durƙusa gaban Baba na gaya masa duka, har rage ruwan, har gishirin, har ƙafar amalanke. Na jira sanda ko zagi. Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce "kai ma ka sha ruwa, muryarka ta bushe." Iyakarta ke nan.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Ba wani labari. Lodi biyu jiya, rabi-rabi, ya jiƙe sharkaf, ya sha a hanya sau uku. Mai Gemu ya fara tsayawa a bakin kwami, wai dokinsa sabo ne shi ya sa.

Ɗazu muna cin abinci Baba ya ce, "Gobe zai fita?" Na ce a'a, ya huta, sai Asabar, kuma kafin azahar mun dawo. Ya ce "to." Ya ci gaba da laluben kwano, na tura masa shi kusa.

Sai da nake wanke hannu abin ya faɗo mini. Tambayata ya yi. Ni kuma na ba da amsa baki cike da abinci, ko ɗagowa ban yi ba.

Ba kome ba ne, gajiya ce, kuma ni ke ganin dokin kullum. Amma "to" ɗin nan ya yi ƙanƙanta da yawa a bakinsa. Na so a ce ya ɗan yi musu.